Yadda Ake Ganowa da Gyara Tangarɗar Sauyin Girman Lokaci a Tsofaffin Na'urori Masu Bit 32

Kwamfutocin da ke aiki da Linux da sauran dangin Unix suna riƙe lokaci ne a matsayin lamba guda ɗaya, wato yawan sakan da suka shige tun daga tsakar daren da ya shiga 1 ga Janairun 1970 a agogon UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya. A harshen rubuta manhaja na C ana kiran mazubin wannan lamba `time_t`, kuma a na'urori masu bit 32 an daɗe ana ba shi bayit 4 kacal, wato bit 32. Lamba mafi girma da wannan mazubi zai ɗauka ita ce 2,147,483,647, kuma ƙidayar za ta kai nan da ƙarfe 3:14:07 na asubahin 19 ga Janairun 2038, wato ƙarfe 4:14:07 a agogon Najeriya da Nijar. Sakan ɗaya bayan haka mazubin zai cika ya tumbatsa, lambar ta juye ta koma ƙasa da sifili, na'urar ta ɗauka cewa ana 13 ga Disambar 1901.

Maganin a bayyane yake: a faɗaɗa mazubin ya koma bayit 8. An kuma riga an fara. NetBSD ta yi nata tun a 2012, OpenBSD ta bi a 2014, laburaren C mai suna musl (laburare shi ne tarin ayyukan da manhajoji ke aro) ya sauya a 2020, takwaransa glibc ya buɗe hanya a 2021, Debian da Ubuntu kuma suka yi gagarumin sauyin a 2024. Sai dai akwai tangarɗar da ma'aikata ke cin karo da ita a yau wadda daga maganin take fitowa, domin na'urar da rabin manhajojinta ke auna lokaci da tsohon mudu, rabi kuma da sabo, ta fi wadda ba a taɓa ba haɗari. Wadda ba a taɓa ba an san ranar da za ta faɗi, amma wadda aka gauraya tana iya ɓata bayanai yau ɗin nan ba tare da ta yi ƙara ba. Matakan da ke biye sun fi karkata ga Linux a kan firosesa ARM da tsohon x86, domin nan ne aikin ya fi yawa.

Mataki na farko: tabbatar da ainihin abin da ke gabanka

Kada ka dogara da `uname -m` kaɗai, domin kanel, wato zuciyar tsarin da ke magana da kayan na'urar, kawai yake bayyanawa. A Raspberry Pi 4 abu ne da aka saba gani a tarar da kanel mai bit 64 alhali duk manhajojin da ke kansa masu bit 32 ne, sai umarnin ya ce `aarch64` mutum ya saki jiki. Abin da kake nema shi ne girman manhajojin kansu, saboda haka ka gwada `getconf LONG_BIT`, da `file /bin/ls`, sannan a dangin Debian `dpkg --print-architecture`. Idan amsar ta ce `armhf` ko `armel` ko `i386`, wannan jagora da kai take. Idan ta ce `amd64` ko `arm64`, `time_t` ɗinka ya riga ya zama bayit 8, amma kada ka tsallake mataki na shida, domin bayanan da aka ajiye ba su san girman firosesa ba.

Ka rubuta sigar kanel da ta laburaren C tun yanzu, da `uname -r` da `ldd --version`. Sabbin kiraye-kirayen kanel masu ɗaukar lokaci a bit 64 sun shigo ne a Linux 5.1, amma sai a 5.6, cikin 2020, aikin ya kammala har aka iya cewa na'ura mai bit 32 za ta tsallake 2038. A ɓangaren glibc kuwa sai siga ta 2.34 zuwa sama. Wanda ke ƙasa da waɗannan biyun ba shi da abin gyarawa tukuna, sabuntawa ce ta kama shi.

Mataki na biyu: auna mazubin da hannunka

Gwaji mafi sauri shi ne `date -u -d @2147483648`. Idan ya buga 19 ga Janairun 2038 da ƙarfe 03:14:08, manhajar `date` ta tsira, idan kuma ya ce kwanan watan ba shi da inganci, tsohon mudu ne. Amma shaidar `date` a kan kanta kaɗai take tsayawa, ba ta wanke sauran manhajojin da ke na'urar. Don sanin abin da GCC ɗinka, wato manhajar da ke gina rubutun C, ke haifarwa, rubuta gajeriyar manhaja da ke buga `sizeof(time_t)`, ka gina ta sau biyu: sau ɗaya haka nan, sau ɗaya da `-D_FILE_OFFSET_BITS=64 -D_TIME_BITS=64`. Dole a haɗa tutocin biyu, domin glibc ba ya karɓar ta biyun ba tare da ta farkon ba. Idan ginin farko ya ba da 4 na biyu ya ba da 8, kana kan na'urar da ke iya haifar da iri biyun, kuma a irinta gauraye ke faruwa.

Ga manhajar da aka riga aka gina, ko da ba ka da asalin rubutunta, `objdump -T` zai nuna maka sunayen ayyukan da take nema daga laburaren C. Wadda aka gina da sabon girma za ta nemi sunaye irin su `__time64` da `__clock_gettime64`, tsohuwa kuwa `time` da `clock_gettime` za ta nema tsurarsu. Bi duk manhajoji da laburaren da ba daga rumbun babbar manhajarka suka zo ba, musamman abin da ke cikin `/usr/local` da `/opt`, ka raba su gida biyu a takarda. Wannan takarda ita ce jagoran sauran aikin.

Mataki na uku: binciki iyakar da ke tsakanin manhaja da laburare

Nan ne gizo ke saƙar, kuma ya dace a tsaya a fahimci dalili kafin a taɓa komai. Shi glibc ba ya rikicewa, domin yana ɗauke da iri biyun a lokaci guda, tsohuwar manhaja ta kira tsohon aiki, sabuwa ta kira sabo. Sauran laburare ba su da wannan gata. Laburaren da ke da aiki mai karɓar `time_t`, ko `struct timeval`, ko `struct timespec`, ko `struct stat`, fuska ɗaya kawai yake da ita, wato girman da aka gina shi da shi. Sunan aikin bai sauya ba, lambar sigar laburaren ba ta sauya ba, saboda haka na'urar za ta haɗa su cikin lumana, manhajar ta tashi kamar lafiya lau.

Ga abin da ke faruwa a ciki. A ARM mai bit 32, tsohon `struct timespec` bayit 8 ne, huɗu na sakan, huɗu na nanosakan, sabon kuma bayit 16. A ce tsohuwar manhaja ta miƙa wa sabon laburare umarnin ya jira sakan 5 da rabi. Laburaren zai kwashe bayit 8 na farko gaba ɗaya a matsayin sakan, wato ya haɗe biyar ɗin da nanosakan miliyan 500 su zama wata lamba da ta wuce shekarun duniya, sannan ya miƙa hannu gaba da iyakar abin da aka ba shi ya ɗebo duk tarkacen da ya tarar a matsayin nanosakan. Sakamakon ko dai jira marar ƙarewa, ko kuskuren `EINVAL` da ke zuwa yau ya ɓace gobe. Idan kuma laburaren ne ke rubuta lokaci cikin gurbin da manhajar ta tanadar, zai zuba bayit 8 a wurin 4, ya danne abin da ke maƙwabtaka da shi. Wannan na ƙarshe shi ne mafi muni, domin manhajar tana iya faɗuwa a wani wuri can daban da ba shi da alaƙa da lokaci, mai bincike ya kwana yana tonon ramin da ba nasa ba.

Alamomin da ya kamata su sa ka zargi wannan gauraye su ne: kwanan wata da ke komawa 1970 ko ya yi tsalle zuwa shekarun da ba su da ma'ana, jiran da ke ƙarewa nan take ko ya ƙi ƙarewa, girman fayil da ya fito ba daidai ba saboda an karanta `struct stat` a karkace, da kuma manhajar da ta fara faɗuwa a `armhf` kaɗai bayan sabuntawa alhali tana lafiya a `amd64`.

Saboda wannan ne Debian ta sake wa laburare fiye da dubu ɗaya suna a 2024, ta liƙa musu `t64` a ƙarshe, shi ya sa kake ganin `libssl3t64` da `libcurl4t64` a Debian 13 da Ubuntu 24.04. A na'urori masu bit 64, inda babu abin da ya sauya, sabon ƙunshin, wato fayil ɗin da ake saka laburaren da shi, yana amsa tsohon sunan ma, saboda haka tsofaffin ƙunsoshi suna shiga ba gardama. A `armhf` da `armel` kuwa da gangan aka hana shi amsawa. Don haka idan `apt` ya ƙi saka maka wani tsohon ƙunshin `.deb` yana cewa ba ya ganin `libssl3`, kariya ce yake ba ka. Na sha ganin ana shawartar mutane su tilasta shi da `--force-depends` ko su ƙirƙiro ƙunshin bogi mai tsohon sunan, kuma a ganina wannan ita ce shawara mafi cutarwa a duk wannan fage. Gyaran gaskiya shi ne a sake gina manhajar a kan sabon tsarin, ko a nemi wanda ya sayar da ita ya kawo sabon gini.

Sai a lura da `i386`: Debian ta bar shi da `time_t` mai bit 32 da gangan, domin amfanin da ya rage masa shi ne tafiyar da tsofaffin manhajojin da babu mai sake gina su. FreeBSD ma haka ta bar nata i386. Wanda ke kan wannan tsari kada ya kunna `_TIME_BITS=64` a manhajarsa matuƙar tana musayar lokaci da laburaren tsarin, domin da hannunsa zai haifar da gaurayen da muke gudu.

Idan laburaren naka ne, gina shi iri biyu ka kwatanta da `abidiff` ko `abi-compliance-checker`. Duk inda suka nuna girman wani tsari ya sauya, ka ɗaga lambar sigar laburaren domin tsofaffin manhajoji su ƙi haɗuwa da shi a fili, sannan ka sake gina duk masu dogaro da shi a zama ɗaya. Kada ka manta da ƙananan manhajojin da ake lodawa da `dlopen`, da kuma manhajojin Python da ke kwaikwayon tsarin C da hannu ta hanyar `ctypes`, inda aka saba rubuta `c_long` a gurbin sakan. Waɗannan ba sa bayyana a jerin dogaro na kowane ƙunshi, sai ka neme su da kanka.

Mataki na huɗu: binciki masu magana da kanel kai tsaye

Manhajar da ke tsallake laburaren C ta kira kanel da `syscall()` ta ɗauki nauyin da glibc ke ɗauke wa sauran. Misali mafi yawa shi ne `SYS_futex`, wanda ake amfani da shi wajen jiran makulli. A na'ura mai bit 32 wannan kira tsohon tsari yake tsammani, sabon kuwa sunansa `SYS_futex_time64`. Idan aka sake gina manhajar da sabon girma ba a gyara kiran ba, kanel zai karanta rabin farko na sakan a matsayin sakan, rabi na biyu, wanda sifili ne, a matsayin nanosakan. Jiran sakan 5 da rabi zai koma sakan 5, babu mai lura. Amma jiran rabin sakan zai koma babu jira ko kaɗan, manhajar ta shiga zagaye ba hutu, firosesa ya ɗau zafi, a yi ta zargin fanka ko zafin gari. Nemi duk `syscall(` da ke cikin rubutun, ka tabbatar kowanne yana zaɓar lambar kira gwargwadon `sizeof(time_t)`, kuma yana komawa tsohon kira da tsohon tsari idan kanel ya amsa da `ENOSYS`, wato ba shi da sabon kiran.

Haka abin yake ga masu karanta `/dev/input` don allon taɓawa ko na'urar karanta lambar kaya. Tsarin `input_event` da kanel ke fitarwa bai sauya girma ba, bayit 16 ne a bit 32, saboda haka manhajar da ta ayyana nata tsarin da `struct timeval` a ciki za ta fara karatu a karkace da zarar an sake gina ta. A yi amfani da `input_event_sec` da `input_event_usec` daga fayilolin kanel na zamani. Gaba ɗaya dai, a gina da fayilolin kanel 5.6 zuwa sama, domin lambobin zaɓuɓɓuka irin su `SO_RCVTIMEO` da `SO_TIMESTAMP` suna da tsoho da sabo, kuma waɗannan fayiloli ne ke zaɓar wanda ya dace.

Akwai kuma shingen tsaro na seccomp, mai tace kiraye-kirayen da manhaja ke yi wa kanel, wanda ya jawo ɗaya daga cikin sanannun rikice-rikicen wannan sauyi. A Janairun 2021 Alpine Linux 3.13 ta fito da musl 1.2, wanda ke fara gwada `clock_gettime64` sannan ya koma tsohon kira idan an ce masa babu. Masu tafiyar da kwantenonin Docker, wato killatattun wuraren tafiyar da manhaja, a kan Raspberry Pi mai tsarin Buster, wata tsohuwar sigar Debian, suka wayi gari da agogon kwantena yana nuna shirme, takardun shaidar TLS masu tsare haɗin intanet sun ƙi karɓuwa, saukar da ƙunshi ya gagara. Dalili shi ne tsohon libseccomp da ke kan na'urar bai san sabon kiran ba, sai shingen ya amsa da `EPERM`, wato an hana, maimakon `ENOSYS`, wato babu, shi kuma musl bai ga dalilin komawa tsohon kira ba. Gyaran yana wajen kwantenar: Docker 19.03.9 zuwa sama da libseccomp 2.4.2 zuwa sama. Idan ka ga irin wannan alama, `strace` zai nuna maka kiran da aka ƙi da amsar da aka bayar. Kashe shingen gaba ɗaya yana halatta na minti biyar don tabbatar da zargi, amma ba a barin na'ura a haka.

Mataki na biyar: tsefe rubutun manhajarka

Faɗaɗa `time_t` ba ya amfanar manhajar da ke juye shi cikin `int` ko `long`, domin a na'ura mai bit 32 dukansu bayit 4 ne. Kunna `-Wconversion` a GCC, ko `-Wshorten-64-to-32` a Clang, tare da `-Wformat`, ka bi gargaɗin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi yawa shi ne `printf("%ld", t)`, wanda bayan sauyi ba lokacin kaɗai yake ɓatawa ba, har da duk abin da aka buga bayansa a layin, kuma idan akwai `%s` a gaba manhajar na iya faɗuwa. Daidai shi ne a mayar da lambar `long long` a buga da `%lld`. Haka nan `atol` da `strtol` su koma `strtoll`. Sannan ka dasa `_Static_assert(sizeof(time_t) >= 8, "time_t")` a wuri guda, domin ranar da wani ya gina manhajar ba tare da tutocin ba, ginin ya tsaya. Masu amfani da Autoconf 2.72 suna da `AC_SYS_YEAR2038` da ke yi musu wannan. Tutocin kuma a sa su a tsarin ginin gaba ɗaya, kada a rubuta su a saman wasu fayiloli a bar wasu, in ba haka ba gaurayen zai shigo cikin manhaja guda.

Wani zai ce a mayar da lambar marar alamar ragi, a samu sarari har 2106. A tsarin fayil ko saƙon da ba a iya faɗaɗawa, dabara ce mai karɓuwa, amma tana kashe duk kwanan watan da ya gabaci 1970, kuma ranar haihuwar dattijai da yawa tana can.

Mazubi mai bit 32 yana cika ko da ba sakan ake zubawa ba. A ranar 1 ga Janairun 2022 sabobin Microsoft Exchange sun daina isar da wasiƙu saboda lambar sigar da aka gina daga kwanan wata, 2201010001, ta zarce 2,147,483,647. Saboda haka ka duba duk inda aka jera shekara da wata da rana da sa'a aka mai da su lamba ɗaya.

Mataki na shida: bi sawun lokacin da aka riga aka ajiye

Fara da faifai. A tsarin faifai na ext4, `tune2fs -l` zai nuna girman inod, wato gurbin da ke riƙe bayanan kowane fayil har da lokutansa: mai bayit 128 yana tsayawa a 2038, mai 256 yana kaiwa 2446. Tsofaffin sigogin `mke2fs` kan zaɓi 128 ga ƙananan ɓangarori, don haka `/boot` da katunan ajiya na ƙananan na'urori su ne abin fara dubawa. Kanel na zamani ma yana faɗa da kansa lokacin ɗora faifan, `dmesg | grep 2038` zai fito da saƙon. Hanya mafi aminci ita ce a kwashe bayanan, a sake tsara ɓangaren da `mkfs.ext4 -I 256`, a mayar. A XFS kuwa `xfs_info` zai nuna ko `bigtime` na kunne. Ana kunna shi da `xfs_admin -O bigtime=1` bayan an sauke faifan, ya kai ka 2486, amma ba a komawa baya, kuma kanel da ke ƙasa da 5.10 ba zai ƙara ɗora faifan ba. Kafin ka yi, tabbatar faifan ceton da kake ajiye da shi ba tsoho ba ne.

A rumbun bayanai, nau'in `TIMESTAMP` na MySQL yana ƙarewa daidai 03:14:07 na 19 ga Janairun 2038 ko da sabar mai bit 64 ce, `DATETIME` kuwa yana kaiwa 9999. Wajen sauyawa akwai tarko: `TIMESTAMP` yana ajiye UTC ya fassara gwargwadon yankin lokacin mai tambaya, `DATETIME` kuwa abin da aka ba shi yake riƙewa. Idan ka sauya alhali zaman naka yana kan agogon Afirka ta Yamma, agogon gida za a daskarar a rumbun, manhajar da ke tsammanin UTC ta riƙa kuskuren sa'a guda. Ka yanke shawarar agogon da kake so tukuna, ka saita `time_zone` na zaman, sannan ka sauya. Ginshiƙan `INT` da ke riƙe sakan su koma `BIGINT`. PostgreSQL ba shi da wannan matsala a nau'in lokacinsa, sai dai idan an zuba sakan cikin `integer`. PHP mai bit 32 ma lambobinsa bayit 4 ne, `PHP_INT_SIZE` zai gaya maka, kuma `strtotime` yana gazawa a kan shekarun da suka wuce 2038.

Wannan ɓangare ba na jiran 2038 ba ne. Duk lissafin shekara 15 gaba da aka yi daga ƙarshen Janairun 2023 ya riga ya tsallaka iyakar, ko na bashin gida ne, ko ranar ritaya, ko takardar shaida mai dogon wa'adi. Tun a Mayun 2006 manhajar AOLserver ta fara cijewa, saboda an saita mata wa'adin sakan biliyan ɗaya da nufin kada ya taɓa ƙarewa, sai jimillar ta haura bakin mazubin.

Fayilolin da manhajarka ke rubutawa ta hanyar juye tsarin C kai tsaye cikin faifai, da ƙwaƙwalwar da manhajoji biyu ke tarayya a kai, da saƙonnin da ke tafiya tsakanin na'urori, duk girmansu zai sauya da sabon gini. Ba su lambar siga, ka ayyana filin lokaci da `int64_t` a sarari, ka rubuta abin da zai karanta tsohon tsari ya mai da shi sabo. Linux kanta ta sha wannan da fayilolin `utmp` da `wtmp` da `lastlog`, waɗanda ke riƙe sakan a bit 32 har a kan x86 mai bit 64, shi ya sa Debian 13 ta ajiye umarnin `last` da `lastlog` na da, ta koma `wtmpdb` da `lastlog2`. Idan kana da rubutun sa ido da ke kiran tsofaffin, gyara shi kafin sabuntawa.

Mataki na bakwai: tura agogo gaba, amma a ɗakin gwaji

Kada a taɓa yin wannan a na'urar da ke bakin aiki, domin ayyukan share tsofaffin fayiloli za su ga komai ya tsufa, lasisi su mutu, kalmomin sirri su ƙare. Ɗauki kwafin na'urar ka tashe shi a QEMU, manhajar kwaikwayon kwamfuta, da `-rtc base=2038-01-19T03:10:00`, ka raba shi da intanet, ka kashe daidaita agogo da `timedatectl set-ntp false`. Zauna ka kalli tsallakawar minti huɗun nan da idonka, sannan ka sake kunna na'urar bayan iyakar, domin manhajar da ta tsallaka tana tafe daban take da wadda za ta tashi daga farko a 2038. Ƙirƙiri fayil, rubuta a rumbun bayanai, yi kwafin ajiya ka dawo da shi. Takardun shaidar TLS za su mutu a gwajin saboda wa'adinsu ya wuce, wannan ba aibin da kake nema ba ne, ka tanadi na gwaji masu dogon wa'adi.

Manhajar `faketime` tana da sauƙi, amma tana aiki ne ta hanyar tare kiran laburaren C da sunansa, saboda haka wadda aka gina da tsohon girma ba za ta tare `__clock_gettime64` ba, gwajin ya wuce lafiya alhali ba a gwada komai ba. Ga masu gina kanel nasu akwai gwaji mafi tsauri: a kashe `CONFIG_COMPAT_32BIT_TIME`, tsofaffin kiraye-kirayen su ɓace, duk manhajar da ke dogaro da su ta tona kanta nan take. Tun da ka riga ka shirya ɗakin gwajin, ƙara 7 ga Fabrairun 2036, ranar da ƙidayar NTP, tsarin daidaita agogo ta intanet, mai farawa daga 1900 za ta zagayo. Na'urorin da ke karɓar lokaci daga GPS kuma suna da tasu ƙidayar makonni 1,024, wadda ta zagayo a Afrilun 2019 kuma za ta sake a Nuwambar 2038.

Mataki na takwas: yanke hukunci kan abin da ba ya gyaruwa

Bayan duk wannan, takardarka ta mataki na biyu za ta rage da wasu sunaye: manhajar da kamfaninta ya rufe, na'urar da aka kulle tsarinta, allon da kanel ɗinsa ya tsaya a siga ta 3 ko ta 4 saboda mai ƙera shi bai ƙara fitar da komai ba. Manhajojin Android masu bit 32 ma suna cikin wannan sahu, domin `time_t` ɗinsu bayit 4 ne kuma ba a sauya shi ba. A wuraren da kayan hannu ke daɗewa suna aiki, irin su na'urar rarraba intanet, da na'urar naɗar hotunan kyamarar tsaro, da mai ɗaukar zanen yatsan ma'aikata, wanda aka saya yau yana iya kaiwa 2038 yana bakin aiki, saboda haka tambayar girman lokaci ta shiga cikin sharuɗɗan saye tun yanzu, a kuma nemi amsar a rubuce.

Ga kowane suna da ya rage, rubuta ranar da za a maye gurbinsa da abin da zai lalace idan ba a yi ba. Idan firosesan yana iya ɗaukar bit 64, kamar Raspberry Pi 3 zuwa sama, sake saka tsarin `arm64` daga tushe ya fi bin laburare ɗaya bayan ɗaya sauƙi da aminci. Pi 1 da Pi Zero na farko ba su da wannan zaɓi, sai dai cikakken tsari mai bit 32 da aka gina gaba ɗayansa da sabon girma. Tsohuwar manhajar da ba makawa sai da ita kuma, a killace ta a kwantena ko kwamfutar kwaikwayo tare da dukkan tsofaffin laburarenta, kada ko ɗaya ya haɗu da sabo. Idan wa'adin ya matso ba a sami madadinta ba, ana iya mayar da agogon wannan killataccen wuri baya da shekara 28, domin tsakanin 1901 da 2099 kalanda tana maimaita kanta duk shekara 28, ranakun mako da shekarun da Fabrairu ke da kwana 29 su faɗo daidai, 2038 ta zama 2010. Sharaɗin shi ne duk kwanan watan da ke shiga wurin a rage masa 28, duk wanda ke fita a ƙara masa, kuma a rubuta wannan a jikin na'urar inda wanda zai gaje ka zai gani.